Ruwa Mai Tsabta a Takarda

Tela bai zo caji ofis da hayaniya ba. Ya shigo da hantsi, ya ajiye gorar ruwa a kan kanta, ya ce wa Saje yana son ganin Sufeto, ƙarar kisan kai ya kawo.

Saje ta ɗauki biro ta tambaye shi wa yake tuhuma. Ya nuna mata gorar.

Sufeto ya fito daga ofishinsa, yana ganin mutumin ya gane shi. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Tela, kuma shi ke ɗinka wa yaransa kayan makaranta. Da safiyar nan ma tare suka kai ƙaramar 'yar Tela makwancinta, yarinyar da ba ta daɗe da fara magana ba. An ce amai da gudawa ne. Sufeto ya yi masa gaisuwa, ya wuce aiki yana ganin magana ta ƙare.

Ya ja shi ciki ya ba shi kujera. Tela ya ƙi zama.

"Daga famfon gidana na ɗebo," in ji shi. "Shi ta sha. Shi wanta ya sha, ga shi can asibiti ana ƙara masa ruwa. Ni ban san wanda zan kama ba, maƙwabci. Kai ne ka san kama mutane."

Sufeto ya ɗaga gorar a hasken taga. Ruwan ba ja ba ne, ba kuma fari ba. Ya ɗan yi duhu-duhu, irin wanda mai ƙishirwa zai sha bai ko duba ba.

A shekarunsa na aiki ya kama ɓarayin shanu, ya kama 'yan damfara, ya taɓa kama mutumin da ya sayar da gida ɗaya ga mutum uku. Bai taɓa rubuta sunan famfo a takardar tuhuma ba. Amma ba ya iya kallon idon maƙwabcinsa ya ce masa wannan ba aikin 'yan sanda ba ne. Ya ce masa ya koma wajen yaron, shi zai bi sawu.

Suka fara da asibiti, shi da Saje. Tun daga baranda suka fara tsallake ƙafafun mutane. Ɗakin yara ya cika ya batse, an shimfiɗa wasu a ƙasa, an rataye ledojin ƙarin ruwa a jikin ƙusoshin taga. Likita ta tsaya da su a bakin ƙofa, idanunta sun yi ja don rashin barci.

Ta ce abin ya faro ne bayan babban ruwan saman da aka yi a farkon watan jiya, wanda ya sa kogi ya cika ya koma kalar ƙasa. Da farko ɗaiɗai suke zuwa, yanzu kuwa ta daina ƙirga. Unguwanni daban-daban, abinci daban-daban, abu ɗaya ya haɗa su, duk ruwan famfo suke sha.

"Kin gaya wa ma'aikatar lafiya?"

"Na rubuta, na buga waya, na je da ƙafata. Roƙona ɗaya, su yi shela a gari kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha."

"Suka ce me?"

"Suka nuna min rahoto."

Ta yi masa bayani a taƙaice. Matatar da ke jan ruwa daga kogi tana tura wa ma'aikata rahoto kowane wata. A ciki ana rubuta awon laka na kowace rana, da yawan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya rage a ruwan, da sakamakon wasu kwalabe da ake cikowa daga famfunan gari a kai babban ɗakin gwaji na birni. Rahoton watan jiya ya fito fes, ko tabo babu. Muddin wannan takarda tana nan, ma'aikata ta ce ba za ta tayar wa gari hankali a kan zato ba. In Likita tana da shakka, ta tura nata samfurin ta jira layi.

Sufeto ya kira ma'aikatar da kansa daga cikin mota. Jami'in da ya ɗauka ya yi masa magana mai daɗi, ya yi addu'a ga yaran, sannan ya ce su da rahoto suke aiki. Idan an kawo musu hujja cewa rahoton ba daidai ba ne, sai su duba. Da Sufeto ya kira ogansa ya nemi izinin fita da motar lasifika, aka ja masa kunne, aka ce ɗan sanda ba ya yaɗa jita-jita.

Abin da ya rage masa kaɗan ne. Ya tura wa maiɗakinsa saƙo cewa kada kowa ya sha ruwan famfo sai an tafasa, ta kuma gaya wa maƙwabta. Ya gaya wa direba, ya gaya wa mai sayar da katin waya a bakin asibiti. A hanya ya ga wata yarinya ta kafa baki a famfon kan titi tana sha, ya sa aka tsaya ya hana ta. Kafin su karya kwana, ya hango ta a madubi ta koma.

Matatar tana bayan gari, a bakin kogi. Manyan tankunan siminti ne a jere, ruwa na bi daga wannan zuwa wancan, injuna na gurnani a ƙarƙashin rumfar kwano. Manaja ya tarbe su a ofishinsa mai sanyi, baki har kunne, ya sa aka kawo musu ruwan roba.

Ya ce matatarsu ba ta taɓa samun matsala ba. Alam ɗin da suke zubawa don laka ta kwanta bai taɓa yankewa ba, matatun yashi duka suna aiki. Mutanen gari ne ba su da tsabta, su ɗebi ruwa mai kyau su zuba a ƙazamin bokiti, in ciki ya ɓaci a ce hukuma.

"A nuna min sito," in ji Sufeto.

Murmushin Manaja ya ragu. Aka daɗe ana neman makulli. Da aka buɗe, buhunan alam suna nan a jere a bakin ƙofa har sama. Sufeto ya zura hannu ta bayansu, ya ture ɗaya. Babu komai a baya sai fili da shara. Layi ɗaya aka jera don idon baƙo.

Manaja ya ce mota tana hanya. Da aka tambaye shi rahoto, ya ɗaga hannu biyu ya ce shi dai turawa yake yi, bai san kan lissafin ba. Wanda ke awo ya sa hannu shi ne shugaban ɗakin gwaji.

Wannan ita ce ƙofar da Sufeto ba ya son shiga tun da ya baro asibiti. Shugaban ɗakin gwaji yayan matarsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, yana kiranta Auta, shi ya ba Sufeto aurenta lokacin yana ƙaramin kurtu da ba shi da ko keke. Har yau bai daina kiransa Ango ba, duk da furfurar da ta fito wa angon.

Suka same shi cikin farar rigar aiki, yana wanke ƙananan gilasai. Ya rame. Ya ce, "Ango, yau kai ne da kaki a ofishina? Ina Auta da yara?" Sufeto ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda ya saba, ya ce duk suna lafiya, sannan ya nemi kwafin rahoton.

Yaya ya miƙo masa. Sufeto bai san aikin ruwa ba, amma ya san ranar da aka yi babban ruwan sama, domin ranar ce rufin caji ofis ya yi yoyo a kan teburinsa. Ya bi da yatsa har ya kai wurin. Lambar ranar ba ta bambanta da ta ranakun da ko gajimare babu ba.

"Yaya, ranar nan kogi ya zama laka."

"Ai aikin matata ke nan. Laka ta shigo, ruwa mai kyau ya fita."

"Ko ɗan motsi lambar ba ta yi ba?"

"Injinmu mai kyau ne."

Ya faɗi haka yana kallon gilashin da ke hannunsa. Sufeto ya so ya yarda. Wallahi ya so, har ya ji yana taya Yaya neman hujja a zuciyarsa.

Saje kuwa zafi ya ishe ta. Ta ɗauki kofi ta nufi famfon da ke kusurwar ɗakin. Kafin ta kai shi baki, Yaya ya riƙe hannunta da saurin da bai dace da shekarunsa ba. Ya ce wannan na wanke kayan aiki ne, ya zuba mata wani daga butar lantarki da ke kan teburinsa. Saje ta sha, ta yi godiya, ta saci kallon ogan nata. Shi kuma ya mayar da idonsa kan takarda.

A shafin ƙarshe akwai wuraren da aka ciko kwalabe a tsakiyar watan: kasuwa, tashar mota, makarantar firamare ta bakin gada. Kowanne an rubuta babu ƙwayar cuta. Sufeto ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Washegari da safe suka je makarantar. Shugabar makaranta ta yi dariyar takaici da ta ji abin da suke nema. Ta kai su bayan aji, ta nuna musu rami. Ambaliyar babban ruwan nan ce ta tafi da bututun da famfon gaba ɗaya, tun ranar ba su sake ganin ɗigo ba. Yara daga gida suke zuwa da ruwansu. Ta ce in akwai wanda ya ɗebi ruwa a nan a tsakiyar wata, to a kawo shi ya nuna musu yadda ake yi, su ma suna so.

Mai ɗibar ruwan gwaji wani magidanci ne da ake kira Mai Kwalba, yana yawo da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Saje ta ɗauko shi daga wurin mai faci. Ya rantse da girman Allah cewa da hannunsa ya cika kwalbar makaranta, har ma yara sun taru suna kallonsa.

Sufeto bai yi masa musu ba. Ya sa shi a mota, ya kai shi bakin ramin, ya miƙa masa kofi.

"Ɗebo min."

Mai Kwalba ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi ramin, ya dubi Shugabar makaranta da ta harɗe hannu tana jiransa.

Ya ce shi ƙaramin ma'aikaci ne. A watan jiya an ce masa kada ya wahalar da kansa zagaye gari, ya liƙa wa kwalabe sunayen wurare kamar kullum, ya ajiye su a ɗakin gwaji babu komai a ciki, ya je ya dawo. Da ya dawo ya same su cike, ya kai birni. Shi bai ma san famfon makaranta ya tafi ba, da ya sani da bai liƙa sunanta ba.

"Wa ya cika su?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe."

"Me ka gani?"

"Da na ɗauka, da ɗuminsu. Sai da na ƙara ƙanƙara."

Ruwan famfo ba ya fitowa da ɗumi. Saje ta buɗe baki za ta ambaci butar lantarki, Sufeto ya riga ta, ya tambayi mutum nawa ne ke da makullin ɗakin. Mai Kwalba ya ce biyu, Manaja da shugaban ɗakin gwaji. Wanda ya ba shi umarni kuwa ya ce ko za a yanka shi ba zai faɗa ba, yana da iyali.

Sufeto ya riƙe sunan Manaja da hannu biyu. Ya sake kiran ma'aikata, ya gaya musu an cika kwalabe da dafaffen ruwa, ga shaida. Jami'in jiya ya ce lallai wannan magana ce babba, amma bakin ƙaramin ma'aikaci ba ya soke rahoton da ƙwararre ya sa wa hannu. Sai dai in wanda ya sa hannun ne ya janye da kansa, a rubuce. Sufeto ya tambaye shi ko ya san yara nawa aka kwantar daga jiya zuwa yau. Jami'in ya ce Allah ya ba su lafiya.

Ya kashe wayar. Bai taɓa jin kakinsa ya zame masa banza kamar ranar ba. Yana da bindiga, yana da ankwa, yana da ikon tsare mutum a kan satar akuya, amma ba shi da ikon ce wa gari kada ku sha.

Da azahar ya biya gida don ya canza riga. Ta kan katanga yana jin muryoyin mata masu zuwa gaisuwa gidan Tela. Ya leƙa kicin don ya tabbatar saƙonsa ya isa, ya sami maiɗakinsa tana sauke babbar tukunya daga kan gawayi.

Ya ji daɗi, har ya fara yaba mata. Sai idonsa na aiki ya buɗe. Mutumin da ke gane an matsar da kujera a ɗakin da bai taɓa shiga ba, a nasa gidan bai san inda ake ajiye ashana ba, shi ya sa sai yau ya lura. Gindin tukunyar ya yi baƙi ƙirin, cikinta ya yi farin ɓawo mai kauri. Ga bokitai masu murfi a jere, sababbi, amma hannayensu sun fara dushewa. Buhun gawayi ya kusa ƙarewa. Wannan ba aikin jiya ba ne.

"Tun yaushe kike tafasa ruwa?"

Ta ci gaba da juye ruwan, ba ta ɗago ba. "Ai kai ka ce."

"Jiya na ce. Tun yaushe?"

Ta ajiye tukunyar. Ta ce tun bayan babban ruwan sama. Yaya ne ya kira ta, ya ce, Auta, daga yau kada ki ba yara ruwa sai kin tafasa, har na wanke baki. Ta tambaye shi dalili, ya ce gyara ake yi na 'yan kwanaki. Ya kuma haɗa ta da Allah kada ta gaya wa kowa, har mijinta, domin in magana ta fita aikinsa ne zai tafi.

"Kuma kika yi shiru."

"Yaya ne fa, Abban yara. Ya ce 'yan kwanaki."

Ta zauna a ƙasan kicin. Ta ce matar Tela ta taɓa shigowa aron rariya, ta gan ta tana wannan aiki, ta yi mata tsiya wai matan manya sun fara ƙyamar ruwan talakawa. Ita kuma ta yi dariya ta ce tarin ƙaramin ne ya sa. Yarinyar tana goye a bayan uwarta a ranar. Tun jiya take shiga gidan tana zama cikin mata, ta kasa haɗa ido da matar, ta kasa kuka yadda ya kamata, ta kasa fitowa.

Sufeto ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa zai yi. Yaransa uku suna tsakar gida suna rigima a kan ƙwallo, lafiyarsu ƙalau, ko ciwon kai babu. Ya tsaya yana kallonsu, abin da ya ji a ransa ya ba shi kunya, domin godiya ce. Ya fita bai canza rigar ba. Tana kiransa tana tambayar me zai yi wa Yaya, bai waiwayo ba.

Ya bar Saje a ƙofar ɗakin gwaji ya shiga shi kaɗai. Yaya yana zaune, butar lantarki na huci a gefensa. Ya dubi fuskar Sufeto sau ɗaya, ya kashe butar.

"Auta ta gaya maka."

"Tukunya ce ta gaya min. Ita ta riƙe maka amana."

Yaya ya cire tabarau ya goge. Bai yi gardama ba, kamar ma ya gaji da jiran wanda zai tambaye shi.

Ya ce ranar babban ruwa laka ta shigo fiye da yadda ya taɓa gani. Alam ya riga ya yi ƙasa, matatar yashi ɗaya ta fashe daga ƙasa, ruwa yana wucewa yadda ya zo. Ya ƙara magani, amma magani ba ya cin ƙwayar cutar da ta ɓuya cikin laka. Ya je ya gaya wa Manaja. Manaja ya ce idan lamba mara kyau ta hau sama, za a rufe matatar, gari duka ya koma ɗiba daga kogi kai tsaye, wanne ya fi? Ya ce kayan gyara suna zuwa mako mai zuwa, a daure. Mako ya zo ya wuce. Da lokacin kwalabe ya yi, ya san abin da birni za su gani, sai ya cika su daga buta. Da wata ya ƙare, ya zauna ya rubuta lambobin da ya saba gani a lokacin lafiya, ya sa hannu.

"Manaja ya ba ka umarnin a rubuce?"

Yaya ya yi murmushi mai ɗaci. "Manaja ba ya rubutu. Ko gaisuwa ce da baki yake yi."

Sufeto ya san abin da wannan ke nufi. Zai kira Manaja ya yi masa tambayoyi, Manaja zai ce an yaudare shi kamar kowa, ya koma ofishinsa mai sanyi.

"Ka san ruwan zai kashe, tunda ka kira ƙanwarka."

"Na san zai iya."

"Me ya hana ka kira gidan rediyo? Me ya hana ka kira ni?"

"Tsoro, Ango. Saura kaɗan na yi ritaya. Kullum ina cewa gobe kayan za su iso, ba wanda zai sani. Kowace safiya na auna, na ga lambar gaskiya, na rubuta wata. Na ce aƙalla 'ya'yan Auta."

"Katanga ɗaya, Yaya. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da yarinyar da muka binne jiya."

Yaya ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe, ya tambayi abin da ake so ya yi. Sufeto ya tura masa takarda da biro. Yaya ya rubuta cewa rahoton watan jiya ƙarya ne daga farko har ƙarshe, ruwan da ke fita daga matatar yanzu haka bai dace a sha ba sai an tafasa, ya sa hannun nan nasa da ma'aikata ta fi yarda da shi a kan ɗakin yara cike da marasa lafiya.

Sufeto ya ɗauki hoton takardar ya tura, ya bi da kira. Jami'in ya ce ya gani, kuma gaskiya an yi ƙoƙari. Za a yi shela, amma sai babban sakatare ya sa hannu, shi kuma ya tashi daga ofis. Gobe da safe, in Allah ya kai mu. Ta taga Sufeto yana jin injuna suna ci gaba da tura ruwa cikin gari.

Saje ta shigo da ankwa. Ta dubi ogan nata, ta ga ba zai iya ba, ta matsa da kanta. Yaya ya miƙa hannayensa. Sufeto ya ɗauki farar rigar aikin da ke rataye, ya yafa a kan hannayen, suka fita ta gaban ma'aikata kamar masu rakiyar baƙo.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa caji ofis. Tela yana zaune a benci, ya taso daga asibiti don jin inda aka kwana. Yana ganin Yaya ya miƙe da sauri, domin ya san shi, ya sha ganinsa yana zuwa gidan maƙwabcinsa da ledar alewa.

"Kawun yara, har da kai aka taso? Allah ya saka da alheri. Ai ku ne kuka san ruwa, ku taimaka mana a gano."

Ya miƙa hannu biyu don su gaisa. Yaya ya ɗaga nasa bisa sabo, farar rigar ta zame ta faɗi ƙasa.

Ankwa ta bayyana a hannayensa. Saje ta kama gwiwar hannun Yaya ta wuce da shi bayan kanta, aka ji ƙarar sakata.

Tela ya daɗe yana kallon rigar a ƙasa. Ba shi da karatu mai zurfi, amma mutum ne da ya saba haɗa yanki da yanki. Ya ɗago a hankali.

"Maƙwabci, bututu ɗaya ne ya shiga gidana da naka."

"Ɗaya ne."

"Naka yaran, ko ɗaya bai kwanta ba?"

Sufeto ya yi wa mutane tambayoyi iri-iri a wannan ɗaki, ya san yadda mai laifi ke neman wurin ajiye idonsa. Yau shi ne ya rasa wurin ajiye nasa.

"Ko ɗaya," ya ce.

Tela ya gyaɗa kai. Ya ce Allah ya ƙara tsare su, ya kuma faɗe shi da gaske. Sannan ya juya ya fita, ya kama hanyar asibiti wajen ɗan da ya rage masa.